Na'urar wasan bidiyo ko na'urar faifai: wacce ta fi dacewa da kallon fim mai tsabtar hoto?

Duk wanda ya ajiye PlayStation ko Xbox a ƙarƙashin babban talabijin a falonsa, ko ba jima ko ba daɗe zai tambayi kansa ko akwai dalilin ƙara kashe kuɗi a kan wata na'ura ta daban domin kallon fim, tunda wadda yake buga ƙwallo da ita tana da bakin saka faifai, kuma ga 4K, alamar hoto mai tsabta sosai, an rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. Ra'ayina tun daga farko shi ne, idan na'urar wasan tana hannu, ta wadatar da mafi yawan masu kallo, amma idan fim ne kaɗai abin da ake nema, ɓarnar kuɗi ce a je kasuwa a sayo ta saboda shi. Abin da ke raba gardama shi ne inda finafinan mutum suke fitowa, wato ko daga faifai na asali, ko daga filashin da aka tura masa, ko kuma kai tsaye daga intanet, domin kowace hanya da na'urar da ta fi iya ta.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Lokacin da PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000, gidaje da yawa a Japan da Amurka da ita suka fara kallon faifan DVD, saboda kuɗinta bai kai na wasu na'urorin DVD na wancan zamani ba. Sony, mai ƙera PlayStation, ya maimaita dabarar a watan Nuwamba na 2006 da PlayStation 3 mai karanta Blu-ray, sabon faifan da ya fi DVD tsabtar hoto, wadda aka sayar a Amurka a kan dala 499 da dala 599, alhali na'urar Blu-ray ta farko da Samsung ya fitar a wannan shekarar ta kai kusan dala 1,000. A lokacin ana tsakiyar takara tsakanin Blu-ray da wani faifai mai suna HD DVD da Toshiba ke jagoranta, har Microsoft ya yi wa Xbox 360 wani akwati na musamman na dala 199 domin karanta shi. Takarar ta ƙare a watan Fabrairu na 2008 da Toshiba ya janye, makonni kaɗan bayan kamfanin finafinai na Warner ya koma ɓangaren Blu-ray, kuma miliyoyin PS3 da suka riga suka shiga gidaje na daga cikin abin da ya karya lagon HD DVD. A wancan zamani shawarar mai sauƙi ce, domin na'urar wasan ita ce mafi araha, kuma tana cikin mafiya kyau. Yanzu lissafin ya canza.

Abu na farko da za a tabbatar, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara, shi ne ko na'urar tana karanta faifan da ake so. Sunaye suna ruɗarwa ƙwarai. PS4 ta 2013 tana karanta Blu-ray na yau da kullum da DVD, amma ba ta karanta faifan 4K, kuma abin mamaki, ita ma PS4 Pro ta 2016, wadda aka yi ta tallata ta da sunan 4K, ba ta karanta shi. Xbox One ta farko ma haka take. Xbox One S da ta fito a watan Agusta na 2016 a kan dala 299 ita ce na'urar wasa ta farko da ta karanta faifan 4K, sai Xbox One X ta biyo baya a 2017. A zubin da ake kai yanzu, wanda ya fara a Nuwamba na 2020, PS5 mai bakin faifai da Xbox Series X duk suna karanta shi, kuma dukkansu a kan dala 499 aka fara sayar da su, ko da yake farashin ya tashi daga baya. Xbox Series S ba ta da bakin faifai ko kaɗan, haka ma farar Series X da aka fitar a 2024, kuma babu wata hanya ta ƙara musu shi. Tsohuwar PS5 marar faifai ta 2020 ita ma haka za ta tabbata. Siririyar PS5 ta ƙarshen 2023 da PS5 Pro ta 2024, wadda aka sa wa dala 699 ba tare da bakin faifai ba, su ne ake iya sayo musu mai karanta faifan daban a kan kimanin dala 80 a maƙala, sai dai dole a jona da intanet a karon farko kafin ya fara aiki. Na'urorin Nintendo ba sa cikin wannan zance.

To, me ya sa ake wahala a kan faifai alhali ga Netflix da makamantansa? Amsar tana cikin yawan bayanan da ake zuba wa talabijin a kowace daƙiƙa. Faifan Blu-ray na yau da kullum yana ɗaukar gigabayit 25 ko 50, hotonsa kuma ɗigo 1920 ne a kwance da 1080 a tsaye. Faifan 4K, wanda ya shigo kasuwa a 2016, yakan ɗauki gigabayit 66 ko 100, da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, kuma gudun bayanansa yana iya haura megabit 100 a daƙiƙa. Shi kuwa Netflix, layin intanet mai megabit 15 kawai yake nema domin nuna 4K. Yawan ɗigon ɗaya ne a takarda, amma an matse hoton intanet matsi mai tsanani, kuma inda ake kama shi shi ne wurare masu duhu da masu motsi da yawa. A sa ido a kan sararin sama da daddare a cikin fim, ko hayaƙi, ko ruwan sama mai ƙarfi: a faifai duhun yakan sauka sumul daga toka zuwa baƙi, a intanet kuwa sau da yawa sai a ga ya yi hawa-hawa kamar matakala, ko ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai. Wanda idonsa ya taɓa kama wannan, da wuya ya daina ganinsa.

Wani ɗan tsokaci kafin a ci gaba. Fayafayan nan da ake sayarwa a bakin titi da tambarin Blu-ray a jikin ledarsu, masu finafinai goma ko ashirin a faifai guda, DVD ne kawai da aka cusa wa finafinai a matse. Babu na'urar da za ta mayar da su masu tsabta, ko da ta miliyan nawa ce.

Idan faifan na asali ne, PS5 da Series X duk suna fitar da cikakken ɗigonsa, kuma duk suna iya nuna fim a kan gudunsa na asali, wato hoto 24 a daƙiƙa, wanda shi ne ke hana motsin kyamara yin tsalle-tsalle. A Xbox akwai wurin da ake kunna wannan a cikin saitin hoto, kuma yana da kyau a leƙa a tabbatar. Bambancin da ke tsakaninsu da na'urar faifai zalla yana fitowa ne a wajen HDR, fasahar da ke faɗaɗa tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu a hoto, kuma a ganina ita ce ainihin ribar faifan 4K, fiye da ƙarin ɗigon da ake ta yayatawa.

HDR iri-iri ne. Wanda kowane faifan 4K mai HDR ke ɗauke da shi shi ne HDR10, wanda ke ba talabijin bayani guda ɗaya a kan hasken fim ɗin daga farko har ƙarshe. Dolby Vision da HDR10+ kuwa suna ba shi bayani sabo a kowane fage, ta yadda zai san yadda zai bi da fagen hamada da tsakar rana, ya kuma san yadda zai bi da fagen ɗaki mai kyandir ɗaya. PS5 ba ta san Dolby Vision ba sam, a faifai ne ko a intanet. Series X ta san shi a manhajojin kallo ta intanet da wasu wasanni, amma idan aka saka faifai sai ta koma HDR10. Ke nan wanda ya biya kuɗin talabijin mai Dolby Vision, ya kuma biya kuɗin faifai mai Dolby Vision, na'urar wasan za ta tsaya a tsakani ta hana su gaisawa. Fim ɗin zai yi, kuma zai yi kyau, sai dai ba a kan matakin da aka biya ba.

Girman wannan asara ya danganta da talabijin. Ana auna hasken allo da wani ma'auni da ake kira nit, kuma yawancin finafinan 4K an daidaita su ne a kan allo mai nit 1,000 ko 4,000, alhali talabijin masu araha da yawa ba sa wuce ɗari uku ko huɗu. Dole wani ya rage hasken ya dace da ƙarfin allon, kuma idan aka yi ragin da ka, sai ko dai gajimare da hasken taga su zama fari fat babu komai a cikinsu, ko kuma fim ɗin gaba ɗaya ya yi dishi-dishi kamar an kalle shi ta tabarau. Na'urar wasa tana miƙa wa talabijin hoton faifan ne ta bar shi da aikin. Talabijin mai tsada yana da dabarar yin aikin da kyau, marar tsada kuwa yakan kwafsa. A nan ne na'ura irin Panasonic DP-UB820, wadda ta fito a 2018 a kan kusan dala 500, ta yi suna, domin tana karanta Dolby Vision da HDR10+ duka, sannan tana da saitin da ake faɗa mata irin allon da aka jona ta da shi, ita kuma ta rage hasken da kanta kafin ta tura. Masu kallo da majigi su suka fi kowa cin moriyar wannan, tunda majigi ba ya da haske sosai. Sony UBP-X700 ta fi ta araha kuma tana da Dolby Vision, sai dai da hannu ake kunna shi a kashe shi gwargwadon faifan da aka saka, abin da ke gundurar mutum bayan mako guda.

Amma kada a ɗauki wannan bambanci ya wuce matsayinsa. Na taɓa ɗaukar tef ɗin tela na auna daga kujerar da nake zama zuwa allon talabijin ɗina mai inci 55, na samu mita uku da 'yan kai. Lafiyayyen ido yana daina rarrabe ɗigon hoto mai 1080 a irin wannan allo daga wajen mita biyu da ɗan ɗoriya, wato daga inda nake zaune ƙarin ɗigon 4K kusan a banza yake tafiya, sai na jawo kujerar gaba. Falukanmu da yawa haka suke, kujeru a jingine da bango, talabijin can a ɗaya bangon, ga fitila a kunne. A irin wannan zama, 'yar tazarar da ke tsakanin PS5 da na'urar Panasonic ba kowa zai gan ta ba, kuma tsohuwar PS4 mai karanta Blu-ray na yau da kullum ma tana iya ƙayatarwa fiye da yadda ake zato.

A ɓangaren sauti, tazarar ba ta da yawa. Faifai yana ɗauke da sautin da ba a rage masa komai ba, irin Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, a kansu kuma ake ɗora Dolby Atmos da DTS:X masu sa a ji kamar jirgi ya wuce ta saman kai. PS5 da Series X duk suna iya miƙa wannan sauti ɗanye ga amfilifaya ta fassara shi, muddin an kunna saitin. A PS5 saitin yana ɓoye a cikin zaɓuɓɓukan da ke fitowa lokacin da faifan ke kan juyawa, shi ya sa mutane da yawa suke kallo shekara guda ba su san ba su taɓa jin Atmos ɗin da suke tsammani ba. Abin lura ga mai tsohuwar amfilifaya shi ne, dukkan na'urorin biyu ba su da ramin wayar sauti mai amfani da haske, wanda Xbox One S da PS4 ta farko da PS4 Pro suke da shi, don haka komai ta HDMI zai bi, wato wayar da ke ɗaukar hoto da sauti tare. Wanda da sifikar jikin talabijin yake ji, wannan sakin layi bai shafe shi ba.

Yanzu ga inda nake ganin zancen ya fi shafar yawancinmu. Faifan Blu-ray na asali ba abu ne da ake tsinta a kowace kasuwa ba, yawanci sai an yi odarsa daga waje ko wani ya zo da shi tsaraba, kuma finafinan Hausa ba a kansa suke fita ba. Abin da aka fi yi shi ne a tura fim a filashi ko a babban ma'ajin bayanai a kawo gida. A wannan fage Xbox ta yi wa PlayStation fintinkau. PS5 tana buɗe fayil ɗin bidiyo iri uku ne, MP4 da MKV da WebM, kuma a cikin biyun farko tsarin matsi na H.264 ta sani. Finafinan 4K da yawa, da ma ƙananan fayilolin da ake so saboda rashin cin wuri, an matse su ne da sabon tsarin HEVC, wanda ba ya cikin jerin abin da Sony ya ce tana buɗewa. Ba ta kuma karanta ma'ajin da aka tsara da NTFS, tsarin da kwamfutocin Windows suka saba amfani da shi, sai FAT32 ko exFAT, sannan sai an zuba finafinan a cikin jaka kafin ta gan su. Shi FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabayit 4, saboda haka exFAT ne mafita. Xbox kuwa, daga One S har Series X da ƙanwarta Series S, tana karanta NTFS, tana buɗe HEVC, kuma a kantin manhajojinta akwai manhajojin kallon bidiyo VLC da Kodi, waɗanda kusan babu fayil ɗin da ke gagarar su, ga iya ɗora rubutacciyar fassara a ƙasan hoto daga fayil na daban. Ga mai kallon finafinan Indiya ko na Koriya ko na Turkiyya da fassara a rubuce, wannan kaɗai ya isa ya karkata zaɓi.

Sai dai ko a nan ma akwai abin faɗa, domin talabijin na zamani da kansa yana da ramin filashi kuma yakan buɗe HEVC, haka ma ƙananan akwatunan Android da kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Series X ba. Wanda yake da Xbox ya more ta, wanda ba shi da ita kuma ya fara gwada ramin da ke bayan talabijin ɗinsa tukuna.

Kallo ta intanet ba ya buƙatar dogon bayani. Netflix da YouTube da Prime Video duk suna kan na'urorin biyu, Xbox ta ɗan yi gaba saboda Dolby Vision, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne data. Netflix da kansa ya ce 4K na iya cin gigabayit 7 a awa, hoto mai 1080 kuma har gigabayit 3, wato fim na awa biyu a 4K yana iya lashe gigabayit 14 a zama ɗaya. Ɗan ƙaramin Fire TV Stick da ake maƙala wa talabijin ko akwatin Apple TV yana yin wannan aikin daidai, ko ma fiye, da wutar da ba ta kai ta ƙwan fitila ba.

Wutar kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga wanda yake dogaro da sola ko inbata ko janareta. An gina na'urar wasa ne domin aiki mai nauyi, kuma ko lokacin da take nuna fim kawai, takan ja wuta ninkin-ba-ninkin abin da na'urar faifai ke ja. PS5 takan kai wajen watt 200 a tsakiyar wasa, a fim kuma takan sauko zuwa gommai, misalin hamsin zuwa tamanin, alhali Sony UBP-X700 watt 15 aka rubuta mata. Idan muka ɗauki watt 70, fim na awa biyu ya ci watt-awa 140 ke nan a na'urar wasa, a ɗaya kuwa 30. A gidan da batir guda mai amfiya 200 ke riƙe da fanka da fitilu da talabijin har asuba, wannan rata tana iya zama awa guda ko biyu na iskar fanka a watan Afrilu. Tsohuwar PS3 mai ƙiba ta fi kowa laifi, domin takan haura watt 150 tana nuna fim. Wuta mai yawa kuma zafi ne, zafi kuma fanka yake tayarwa, shi ya sa a fagen fim mai shiru ake jiyo hucin na'urar da kuma gurnanin faifan yana juyawa, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe mata ƙofofin iska. Ɗaukewar wuta ba zato ma ta fi cutar da na'urar wasa, wadda ke da ma'ajin bayanai da tsarin aiki irin na kwamfuta, a kan na'urar faifai da za a sake kunnawa kawai a ci gaba.

Akwai kuma batun shiyya, wanda ya kamata duk mai sayen na'urar da aka shigo da ita daga waje ya fahimta. Wasannin PS5 da na Xbox ba su da shinge, na kowace ƙasa suna yi, amma finafinai suna da shi. An raba duniya gida uku a Blu-ray: shiyyar A ta ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, shiyyar B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, shiyyar C kuma ta haɗa Indiya da Sin da Rasha. Na'urar da aka sayo a Amurka 'yar shiyyar A ce har abada, kuma idan aka saka mata faifan Ingila mai kulle, saƙon ƙin karɓa kawai za ta nuna. Wadda ta zo daga Dubai ko Landan 'yar B ce. Ba kowane faifai ake kullewa ba, da yawa a buɗe suke, kuma ana ganin harafin a bayan kwali. DVD ma yana da nasa rabon na lambobi, inda Amurka take 1, Turai take 2, mafi yawan Afirka da Indiya kuma suke 5. Labari mai daɗi shi ne faifan 4K ba a tsara shi da wannan shinge ba. Na'urorin faifai zalla su ma suna zuwa da kulle, amma ana samun waɗanda aka buɗe su karanta kowace shiyya, abin da ba a samu a na'urar wasa. Wanda tarin fayafayansa suka fito daga ƙasashe dabam-dabam, wannan babbar hujja ce gare shi.

Ta fuskar sauƙin sarrafawa, hannun wasa ba a yi shi domin fim ba. Yakan mutu da kansa idan aka daɗe ba a taɓa shi ba, sai waya ta yi ƙara a ɗauko shi a jira ya farka kafin a tsayar da fim ɗin, kuma idan aka jefa shi a kan kujera maɓallin bayansa ya dannu, sai fim ya zabura gaba. Maganin wannan ba shi da tsada: Sony yana sayar da rimot na PS5 a kan kusan dala 30, Xbox tana karɓar rimot na wasu kamfanoni, kuma dukkansu suna iya bin umarnin rimot ɗin talabijin ta wayar HDMI idan an kunna saitin. Abin da ba shi da magani shi ne rabon lokaci, domin na'ura ɗaya ce, kuma ranar da maigida yake son fim ita ce ranar da yara suka kai wasan ƙarshe. PS4 da PS5 ba sa karanta faifan CD na sauti, ga wanda yake da tarin karatu ko waƙoƙi a kansa, Xbox da PS3 kuwa suna karantawa. Faifan Blu-ray mai 3D ma PS3 da PS4 suna nuna shi, PS5 ba ta nunawa.

Wani abin da ke ƙara wa na'urar wasa daraja, ko da ba a so, shi ne masu ƙera na'urar faifai suna ta raguwa. Oppo, wanda masoya fim suke ji da shi, ya daina a 2018, Samsung ya bi sahu a 2019, LG kuma a ƙarshen 2024. Cikin manyan sunaye, Panasonic da Sony ne suka rage, kuma samun kayansu a kasuwanninmu ya fi samun PS5 wuya nesa ba kusa ba, balle mai gyara idan ta lalace. Mai gyaran PlayStation kuwa kusan kowane babban gari akwai shi.

Idan aka haɗa waɗannan duka, ga yadda zan ba da shawara. Mai PS5 ko Series X da ke kallon faifai jefi-jefi ya sayi rimot, ya gyara saitin sauti, ya bar sauran kuɗinsa a aljihu. Wanda bai saya ba tukuna, yana son wasa da fim duka, kuma finafinansa a filashi suke zuwa, Xbox ce tasa, har ma Series S marar faifai za ta yi masa. Idan faifai ne abin da ya fi damunsa, ya bar wasannin da yake so su zaɓa masa tsakanin biyun, domin a kan faifai tazararsu ba ta taka kara ta karya ba. Wanda kuma yake da talabijin na OLED mai Dolby Vision ko majigi, yake kashe fitila ya matso kusa, yake kuma tara fayafayai, na'urar wasa za ta riƙa tauye masa haƙƙi a kowane dare, gara ya nemi Panasonic ko da sai an aiko masa. Ga mai ƙaramin ƙarfi da yake son ɗanɗana faifan 4K, Xbox One S ta hannu ita ce ƙofa mafi araha, in dai an kauce wa samfurinta na 2019 da aka cire wa bakin faifai.

Sayen ta hannu yana da nasa sharuɗɗa. Na'urori da yawa da ake sayarwa an loda musu wasanni a ciki, masu su sun yi shekaru ba su saka faifai ba, kuma idon da ke karanta faifan yana iya mutuwa ba wanda ya sani. Wani maƙwabcina ya taɓa dawowa daga kasuwa da irin wannan, an gwada masa ƙwallo a shago ta yi tsaf, sai da ya zo gida ya saka fim ya ji faifan yana juyawa yana tsayawa, yana juyawa yana tsayawa, daga ƙarshe na'urar ta tofo shi. Da ya koma, mai shagon ya ce ai wasa aka yi ciniki a kai, ba fim ba. Na'urar da aka yi wa kutse domin loda wasanni tana da wata matsalar, domin kallon Blu-ray yana buƙatar intanet a karon farko, a PS4 don a buɗe aikin, a Xbox don a sauko da manhajar faifan, sannan sababbin fayafayai kan nemi a sabunta mabuɗan tsaron da ke cikin na'urar, sabuntawar kuma tana iya rushe kutsen da wasannin da aka loda. Tsohuwar Xbox One ta 2013 da Xbox 360 suna da tubalin wuta a waje wanda aka yi wa kowace ƙasa nata, don haka na Amurka mai bolt 110 ba zai jure wutarmu mai 230 ba sai da na'urar rage ƙarfi, alhali One S da Series X da PS5 suna karɓar kowacce.

Saboda haka a tafi shago da faifan fim a aljihu, wanda ya dace da shiyyar na'urar, kuma zai fi kyau ya zama mai gigabayit 50 ko faifan 4K, domin a hawa biyu ko uku ake jera bayanan irin waɗannan fayafayai, kuma su ne raunanan ido ke fara kasawa a kansu. A saka shi, a tsallaka zuwa tsakiyar fim ɗin da kuma kusa da ƙarshensa inda idon ke sauya hawa, a bar shi ya yi minti goma yana tafiya, a kuma kara kunne a jikin na'urar kafin a ƙirga kuɗi.